Yadda ake gasa karfatar rago da hayaƙi a cikin duro a tsakar gida

Bahaushe ba baƙo ba ne a wurin haɗa nama da wuta. Muna da tsire da balangu da ake gasawa a kan tukuba ana juyawa, muna da kilishi wanda rana take fara aikinsa wuta ta ƙarasa, muna kuma da banda wadda iyayenmu mata suke yi wa naman layya da kifi domin su daɗe ba su lalace ba. Sai dai akwai wani gashi da bai yaɗu a gidajenmu ba, inda ake ɗaukar babban yankin nama mai jijiya da kitse, a rufe shi tare da wuta ƙasa-ƙasa da ɗan siririn hayaƙi, a bar shi awa shida ko goma har ya yi laushin da hannu kaɗai ya isa ya yage shi. Wannan gashi ya fi kafuwa a jihohin kudancin ƙasar Amurka, inda magidanta da yawa suke yinsa a bayan gida ranar hutu don sha'awa kawai. A tsakiyar jihar Teksas ya taso ne daga shagunan mahauta Jamusawa da 'yan ƙasar Cek da suka yi ƙaura zuwa can a ƙarni na 19, waɗanda suke turara naman da bai sayu ba don kada ya ɓaci, a garin Owensboro na jihar Kentaki kuwa da naman tumaki aka san su. Kalmar da suke kiran gashin da ita, wato babikyu, ta fito ne daga barbakowa, sunan da Sifaniyawa suka ji a bakin mutanen tsibiran Karibiyan, kuma asalin ma'anarsa gadon sanduna ne da ake shimfiɗa nama a kai bisa wuta, kusan irin abin da muke kafawa idan za mu yi banda.

Na daɗe ina wannan gashi a tsakar gidana, kuma abin da na tabbatar shi ne aikin ba na yaji ba ne, na sarrafa wuta ne. Dalilin a fili yake. Naman kafaɗa da wuya da ƙirji nama ne da dabba ta yi ta aiki da shi tsawon rayuwarta, don haka cike yake da farar jijiya wadda take ƙara ɗaurewa idan wuta mai ƙarfi ta dake ta. Amma idan zafin cikin naman ya haura digiri 70 a ma'aunin Selsiyos sannu a hankali, ya kuma daɗe a can na awanni, jijiyar nan narkewa take yi ta koma wani abu mai danƙo irin wanda yake sa romon ƙafar saniya ya daskare idan ya huce. Shi ne yake ba naman laushi da maiƙo. Duk abin da zan bayyana a ƙasa hanya ce ta tsayar da zafin cikin duro tsakanin digiri 110 da 125 na tsawon yini, ba tare da ya hau ya ƙona naman ko ya faɗi wutar ta mutu ba.

Haɗa duron gashi

Ba sai ka sayi tukunyar gashi daga waje ba. Ko shahararriyar nan ta kamfanin Weber, wadda George Stephen ya ƙera a 1952, daga wani dunƙulen ƙarfe da ake kafa alama da shi a kan ruwa ya yanko ta. Abin da kake bukata shi ne duro na ƙarfe mai cin lita 200, irin wanda murfinsa yake cirewa gaba ɗaya. Ka nemi wanda aka zuba kayan abinci a ciki, kamar man gyaɗa, kuma ka guji wanda ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko wani sinadarin masana'anta, komai arharsa. Wanda ya ɗauki fetur kuwa haɗari ne ga mai walda, domin tururin da ya saura a ciki yana iya fashewa da zarar tartsatsi ya taɓa shi.

A tsaye za a yi amfani da duron. Ka sa mai walda ya huda ƙofofi uku a jikinsa, kowace mai faɗin santimita biyu, a kewaye, kamar santimita biyar daga gindi, domin ta nan iska za ta riƙa shiga. A murfi kuma a huda ƙananan ƙofofi takwas masu faɗin yatsa, a kuma sa masa mariƙi na katako. Sannan a ƙera kwandon gawayi da rodi ko waya mai kauri, faɗinsa kamar santimita 35, tsayinsa kamar 25, a yi masa ƙafafu da za su ɗaga shi santimita bakwai ko takwas daga ƙasa don toka ta samu inda za ta zuba, a kuma sa masa dogon mariƙi yadda za ka iya ɗago shi. Ragar da nama zai zauna a kai ta kasance wajen santimita 18 ƙasa da bakin duro, a kan ƙusoshi uku ko huɗu masu noti. Wannan zai ba da tazarar da ta haura rabin mita tsakanin gindin kwandon gawayi da nama, kuma tazarar nan ita ce take hana harshen wuta kai wa naman. Ina ƙara wani jerin ƙusoshin a tsakani, in ɗora tsohuwar raga da tasar silba a kai, saboda tarar kitse. Ka jaddada wa mai walda cewa kada ya sa ƙarfe mai rufin tutiya irin na kwanon rufi a kwando ko a raga, domin idan ya yi zafi ƙwarai yana fitar da hayaƙi mai cutarwa.

Kafin nama ya shiga, sai an ƙone duron. Ka cika shi da ice, ka kunna a fili nesa da ɗakuna, ka bar shi ya ci har fentin waje da abin da aka shafe cikinsa da shi su ƙone ƙurmus. Idan ya huce ka kankare shi da buroshin ƙarfe, ka wanke, ka shanya, ka shafe cikinsa da man gyaɗa, sannan ka hura gawayi a ciki ka rufe na awa biyu ko uku babu nama. Wannan hurawar ta banza tana da amfani biyu, tana hana tsatsa, tana kuma koya maka halin duronka, wato yawan zafin da kowace ƙofa take bayarwa idan aka buɗe ta. Ana toshe ƙofofin da maganaɗisu mai faɗi irin na tsohuwar sifika, ko da dunƙulen takardar alminiyom.

Abu ɗaya da nake ganin bai kamata a yi rowar kuɗinsa ba shi ne ma'aunin zafi. Ana bukatar biyu, ɗaya mai dogon tsinke da za a zura ta jikin duro daidai saitin raga, ɗaya kuma na sokawa a cikin nama. Ka gwada kowanne a cikin tafasasshen ruwa, ya kamata ya nuna kusan digiri 100, ko 96 idan kana wuri mai tudu irin Jos.

Gawayi da icen hayaƙi

Gawayi ne yake ba da zafi, ice kuma shi yake ba da ƙamshi, kuma ba a musanya aikinsu. Ka zaɓi gawayi mai nauyi, manyan ɓari, wanda idan ka buga biyu da juna za ka ji ƙara mai kaifi. Gawayin kirya da maƙera suke nema ya fi kowanne daɗewa, na marke ma yana da kyau. Ka tankaɗe garin, domin gari yana toshe hanyar iska a cikin kwando. Kilo huɗu zuwa biyar ya ishi gashin yini guda.

A kan icen hayaƙi zan tsaya kaɗan, domin a nan ne na fara tuntuɓe. Karona na farko na sari ɗanyen reshe na jefa a wuta, ina ganin yawan hayaƙi shi ne yawan daɗi. Farin hayaƙi mai kauri ya turnuƙe gidan, naman kuma ya fito baƙi ƙirin da ɗaci mai kama harshe, har yaran da suka yini suna jira suka kasa ci. Ɗanyen ice, ko wanda aka danne ya rasa iska, ba ya cin wuta sosai, sai ya riƙa zubar da kwalta a jikin nama. Hayaƙin da ake so siriri ne mai ɗan shuɗi-shuɗi, wanda sai ka lura sosai kafin ka gan shi yana fita ta murfi, idan kuma ka sunsuna ba ya sa ka tari. Don haka ice ya zama busasshe sarai, wanda ya yi wata shida ko fiye da sarewa, a faskara shi gunduwa-gunduwa kamar dunƙulen hannu, kuma guda huɗu ko biyar sun isa. Jiƙa shi a ruwa ba ya ƙara komai sai tururi.

Icen gwaiba da na lemo suna ba da hayaƙi mai sanyi da ya dace da rago da kaza. Tsamiya da bagaruwa da marke sun fi ƙarfi, sun fi dacewa da naman sa. Kirya ma ana sawa, amma kaɗan, domin dangin meskit ce, icen da mutanen kudancin Teksas suke gashi da shi, kuma su ma sun san shi da hayaƙi mai kaifi da yake rinjayar ɗanɗanon nama idan ya yi yawa. Ina ba da shawarar a nemi rassan da aka sassabe daga gona ko lambu maimakon a sa a sare bishiya, musamman kirya da ta yi ƙaranci a dazuzzukanmu. Waɗanda ba a kusantar su kuwa su ne darbejiya saboda ɗaci, da turare saboda mansa mai yaji, da tumfafiya da bini-da-zugu saboda dafinsu, da duk wani katako mai fenti ko wanda aka yi wa feshin maganin gara.

Zaɓen nama da shirya shi

Mutanen Teksas da ƙirjin sa suke alfahari, amma ba na ba mai koyo shawarar ya fara da shi. Shanunsu a turke ake ciyar da su hatsi har kitse ya ratsa cikin tsoka, namu kuwa, bunaji ne ko rahaji, yawancinsu a ƙafa suka yi rayuwa suna bin ciyawa, ƙirjinsu ba shi da kitsen da zai jure awa goma sha biyu a wuta. Karfatar rago ta fi yafiya, tana da kitse daidai, tana da jijiya, kuma ko an ɗan yi kuskure tana fitowa da daɗi. Ka je wurin mahaucinka da sassafe ka ce ya cire maka karfata sukutum da ƙashinta, kada ya sassara, daga rago ɗan kiwo, mai nauyin kilo biyu zuwa biyu da rabi. Ka duba kitsen ya zama fari mai tauri, naman kuma ja mai haske babu wari.

Naman da aka yanka da safen nan bai dace da gashin ranar ba. Bayan yanka tsokar dabba takan sandare na wasu awanni kafin ta saki, kuma hikimar da ta sa a gidaje da yawa ake rataye ragon layya ya kwana kafin a yanyanka shi ke nan. Don haka ka sayi nama yau, ka gasa gobe, ya kwana a firji. Idan babu tabbacin wutar lantarki, ka sa shi cikin leda mai kauri ka binne a ƙanƙara cikin kula, domin nama ba ya son zama tsakanin digiri 5 da 60, nan ne ƙwayoyin cuta suke hayayyafa da sauri.

Da daddare ka fito da karfatar, ka goge ta da tsumma mai tsabta, ka rage kitsen da ya yi kauri har ya dawo kamar rabin santimita, ka ɗaye farar fatar nan mai sheƙi da take manne a wasu wurare, domin ba ta narkewa kuma tana hana gishiri shiga. Ka tsaga kitsen sama da bakin wuƙa a gicciye ba tare da ka kai ga tsoka ba. Sai gishiri, giram goma ga kowane kilo na nama, wato kamar ƙaramin cokalin shayi biyu. Ka barbaɗa ko'ina, ka mayar firji a buɗe a kan faranti. Cikin dare gishirin zai jawo ruwa waje, ya narke, ya koma cikin naman, abin da barbaɗawar safe ba za ta yi ba.

Da safe sai kayan ƙamshi. Babban cokali biyu na masoro da aka daka bai yi laushi ba, cokali ɗaya na garin citta, cokali ɗaya na garin tafarnuwa, rabin cokali na barkono, da ɗan kanumfari kaɗan ƙwarai, domin yana da rinjaye. Ka shafa man gyaɗa sama-sama don garin ya kama, ka barbaɗa ka danna da tafin hannu. Mutane da yawa sukan so su sa yajin tsire tun farko, amma ƙuli-ƙulin da ke cikinsa ba ya jure awanni a wuta, yakan ƙone ya yi ƙauri. Ka ajiye yajin tsirenka sai an zo ci.

Hura wuta

Idan kana son a ci bayan magariba, ka fara da hantsi ya ɗan ɗaga. Ka kafa duro a fili, a kan ƙasa ko siminti, nesa da zana da rumfar kara da janareta da wurin wasan yara. Kada a taɓa hura shi cikin ɗaki ko zaure a rufe, ko da ana sanyin hunturu, domin gawayi yana fitar da iska mai guba da ba ta da launi ba ta da wari, irin wadda take hallaka masu shiga ɗaki da kaskon wuta su rufe ƙofa. Ka ajiye bokitin ruwa ko na yashi kusa.

Ka cika kwando da gawayin da ba a kunna ba, ka cusa gunduwoyin ice a tsakaninsa, wasu a sama wasu a tsakiya, yadda wuta za ta riƙa riskarsu ɗaya bayan ɗaya. A gefe guda, cikin kurfoti, ka hura kamar ɓari goma sha biyu na gawayi da takarda ko ƙirare, ba da kananzir ko leda ba, domin warinsu yana bin nama. Idan sun kama sun yi ja, toka ta fara rufe su, sai ka juye su a saman kwandon, ka saukar da shi cikin duro. Sirrin daɗewar wutar ke nan, tana ci ne daga sama zuwa ƙasa a hankali, ba duka gawayin yake kamawa lokaci guda ba. Ka ɗora tasar silba a mazauninta da ruwan zafi kamar lita ɗaya, ka sa ragar nama, ka rufe murfi, ƙofofin ƙasa uku duka a buɗe.

Yanzu sai ido a kan ma'auni. Idan ya kai digiri 90 ka toshe ƙofa ɗaya, idan ya kai 105 ka toshe ta biyu, ka bar ta uku ka ga inda zafin zai tsaya. Ana tare wuta ne tun tana hawa, domin ɗaga zafin duro abu ne mai sauƙi, amma saukar da shi bayan ya wuce kima yana iya cin awa guda. Ƙofofin murfi kuwa a buɗe suke zama daga farko har ƙarshe, domin hayaƙin da ya rasa mafita shi ne yake tsami a jikin nama. Cikin minti talatin zuwa arba'in farin hayaƙin farko zai washe, ya koma siriri, zafin kuma ya zauna a wajen 115 ko 120. Sai a lokacin ne nama zai shiga. Ka ɗora karfatar a tsakiyar raga, gefen kitse yana kallon sama, ka rufe da sauri.

Awannin jira

Awa uku na farko babu abin da ake bukata daga gare ka sai duba ma'auni kowane rabin awa. Idan zafi ya sauka ƙasa da 110, ka buɗe rabin wata ƙofar, ka jira minti goma sha biyar kafin ka sake taɓa komai, domin duro ba ya amsawa nan take. Idan ya haura 130, ka rage ƙofar da take buɗe zuwa rabi. Ranar da ake iska, ka juya duron ko ka kare shi da wani abu yadda iskar ba za ta riƙa hura ƙofar kai tsaye ba. Idan kuma rana ta take, ƙarfen yakan ɗauki zafinta ya ƙara a kan na gawayi, sai ka ga ana bukatar ƙaramar ƙofa fiye da ta safe. Idan an daɗe zafi yana ta raguwa alhali ƙofofi a buɗe suke, yawanci toka ce ta danne garwashi, ka ɗan bubbugi gindin duro da sanda ta zube.

Kada ka yawaita buɗe murfi. A irin wannan duro, buɗe murfi ba sanyaya wuta yake yi ba, iska ce take kwarara ciki garwashi ya tashi, sai ka rufe ka ga ma'auni ya yi sama. Duk lokacin da za ka buɗe, ka shirya abin da za ka yi tukuna, ka gama cikin rabin minti.

Bayan awa uku ka leƙa. Za ka tarar naman ya yi ja mai duhu, ya ɗan janye daga bakin ƙashi, kayan ƙamshin sun fara zama ɓawo. Ka taɓa da yatsa, idan garin bai biyo hannunka ba ɓawon ya kama. Daga nan kana iya yayyafa masa ruwan tsamiya marar kauri ko ruwan lemon tsami da aka sirka, sau ɗaya kowace awa, musamman gefunan da suke neman bushewa, ka kuma ƙara ruwan zafi a tasa idan ya ƙafe.

Wajen awa ta huɗu akwai abin da yake tayar wa mai koyo hankali. Zafin cikin naman, wanda yake ta hawa tun safe, zai kai wajen digiri 65 zuwa 72 ya tsaya cak, wani lokaci awa guda ko biyu bai motsa ba. Wutarka ba ta lalace ba. Ruwan da yake fitowa daga naman ne yake bushewa a samansa yana sanyaya shi, kamar yadda randa take sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafowar jikinta. Wanda bai san wannan ba sai ya buɗe ƙofofi duka ya ƙona abin da ya yini yana reno. Mafita biyu ce, ko dai ka yi haƙuri har ya wuce da kansa, ko ka naɗe naman. Ga ragunanmu da kitsensu bai kai na waje ba, naɗewa ta fi, amma sai ɓawo ya kama sosai kuma launin ya yi maka.

Ka shimfiɗa takardar alminiyom mai kauri ninki biyu, ka ɗora karfatar, ka zuba mata rabin kofi na romo ko ruwan zafi da babban cokali biyu na man shanu, da yankakkiyar albasa idan kana so, ka naɗe tsam yadda tururi ba zai fita ba. Alminiyom yana saurin nunar da nama amma yana sassauta ɓawo. Takarda mai ruwan ƙasa irin ta mahauta tana barin ɓawon da ɗan ƙarfinsa, sai dai ta zama sabuwa mai tsabta, ba jarida mai tawada ko takardar buhun siminti ba. Ka mayar da ƙunshin kan raga. Daga nan hayaƙi ya gama aikinsa, ba sai an ƙara ice ba, kana ma iya barin zafin duro ya hau zuwa 135.

Saukewa da ci

Naman rago ba ya cutar da ciki tun zafinsa yana digiri 63, amma laushin da muke nema sai ya kai 92 zuwa 95. Karfata mai kilo biyu da rabi takan ɗauki awa shida zuwa bakwai gaba ɗaya, sai dai agogo ba shi ne alƙali ba, kowace dabba da halinta. Ka soka tsinken ma'auni a wuri mafi kauri ba tare da ya taɓa ƙashi ba, ka kuma lura da yadda yake shiga. Idan ya nutse kamar an soka shi cikin man kaɗanya mai laushi, a wurare uku ko huɗu, naman ya yi. Idan ka ji turjiya a wani wuri, ka rufe ka ƙara minti talatin, ko da lambar ta cika.

Kada a buɗe a ci nan take. Ka ɗan buɗe bakin ƙunshin na minti biyar tururin farko ya fita don nunar ta tsaya, ka sake rufewa, ka naɗe shi da tsohon tawul, ka sa a cikin kula babu ƙanƙara, ya huta aƙalla awa guda. A wannan hutun ne romon da zafi ya kora yake yin kauri ya zauna cikin naman, wanda aka yanka da zafinsa kuwa ruwansa a faranti yake ƙarewa. A kula mai kyau yana iya kai awa uku yana da zafi, don haka gara ka gama da wuri ya jira baƙi.

Idan lokaci ya yi, ka buɗe a kan babban tire, ka tsiyaye romon cikin kwano. Ka kama faffaɗan ƙashin kafaɗa ka murɗa kaɗan, zai zaro fes babu nama a jikinsa. Ka yayyaga naman da cokula masu yatsu ko da hannu, ka cire guntayen kitsen da ba su narke ba, ka gauraya baƙin ɓawon da na ciki yadda kowa zai samu, ka kwashe man da ya taso a kan romon ka mayar da sauran a kan naman. Za ka ga wani zobe mai launin hoda a ƙarƙashin ɓawon, kaurinsa bai wuce rabin santimita ba. Wannan ba ɗanye ba ne, iskar da take fita daga ƙonewar ice da gawayi ce take haɗuwa da abin da yake ba nama launin ja ta tsayar da launin, kuma yana da kyau ka bayyana wa mutanen gida tun kafin wani ya ture faranti. Yanzu ne lokacin yajin tsire, da ɗanyar albasa da tumatir da kabeji da lemon tsami, a ci da gurasa ko masa ko sinasir. Ka tuna nama yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku a wuta, ga kuma nauyin ƙashi, don haka karfata guda mutum biyar ko shida take ƙosarwa.

Wanda hannunsa ya faɗa da karfata sau biyu ko uku, sai ya gwada tozon sa, wanda kitse ya ratsa shi ciki da waje. Mutanen Burazil, da su ma suke kiwon shanu masu tozo, suna kiransa kupim kuma a hankali suke gasa shi na awanni. Hanyar ɗaya ce, sai dai lokaci ya ƙaru. Kaza kuwa ba ta son wuta ƙasa-ƙasa sosai, domin fatarta takan yi tauri, ana ɗaga mata zafin duro zuwa 160, a sauke idan cikinta ya kai 74.

Akwai kuskuren da ya kamata a kiyaye game da ragowa. Wannan nama ya sha hayaƙi amma ba banda ba ne, domin banda busarwa ce, shi kuwa da ruwansa yake, kuma a zafin ƙasarmu bai kamata ya wuce awa ɗaya zuwa biyu a buɗe ba. Abin da ya rage a sa a firji, a cinye cikin kwana uku, a ɗumama shi da romonsa har ya yi zafi sosai. Inda babu firji, a daren nan a ƙara yayyaga shi a soya da mai da yaji har ya bushe ya zama dambun nama. Duron kuma ka toshe ƙofofinsa na ƙasa da na murfi gaba ɗaya, wutar za ta mutu da kanta cikin dare. Da safe ka ɗago kwando ka kakkaɓe toka, ka ajiye gawayin da ya saura don gashi na gaba, ka kwashe tokar gindi tun kafin ta sha laima ta ci ƙarfen, ka goge raga ka shafa mata mai, ka mayar da murfi.